Randar da na huda

Shekarar da aka yaye ɗana na fari, akwai wata ciyawa mai yaɗo a ɗakina, cikin babban gwangwanin tumatir. Maigidana ne ya kawo ta. A lokacin aparanti ne, wato yaron mota, a wata kamiyo, babbar mota mai jigilar gyaɗa da wake, su bi ta Ɗan Issa su shiga Katsina, wani zubin har Kurmi. Ya ce can ya ga mutane na ajiye ta cikin ɗaki kamar ƴar gida, sai ya roƙi reshe. Ganyenta kamar na dankali, amma ya fi kauri da sheƙi, da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa masa nono. Ba ta fure, ba ta ƴaƴa, ba a miya da ita. Na tauna ganye guda don in san abin da na ajiye kusa da yaro, harshena ya wuni yana ƙaiƙayi, don haka na ɗaura mata igiya ta bi bango ta hau azara, inda hannunsa ba ya kai.

Uwar mijina, da nake kira Inna, ciyawar Kurmi take ce mata. In ta leƙo ɗakin sai ta ce, "Kowa na shuka abin ci, ke kina kiwon abin kallo."

Aka kai yaron garinmu Safo, wurin mahaifiyata, don yaye. Ranar da aka dawo da shi a amalanken jaki, na hango wuyansa daga bakin zaure, ya zama kamar sillen kara. Ban tashi ba. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba na yi masa wasa gaban mutane, balle in ruga in rungume shi surukata na zaune. Na ci gaba da tankaɗe, garin na zuba a ƙasa ban sani ba.

Ya ƙi kunu, ya ƙi fura. Inna ta karɓo rubutu, ta yi masa ɗure, ya amayar. Tana lallashinsa, "Haba angona, so kake a ce ban iya riƙon miji ba?" Ya kau da kai. Ni kuwa sai in lura da komai daga nesa: yadda gurun da ke ƙugunsa ya fara saɓulewa, yadda yake zama wuri guda ƙudaje na bin bakinsa bai kore su.

Wata rana da hantsi na shige ɗaki da shi, na saki asabari. Na rasa dabara. Sai na ɗebi kunu a ɗan ludayi na zuba cikin gwangwanin, na ce, "Sha, ciyawa, tunda wasu ba su so." Ya dube ni, ya dubi ganyen. Na sake ɗebowa, sai na ga ya buɗe baki. Tun daga ranar haka muke yi a ɓoye: ludayi guda nata, guda nasa. In ba a gabanta ba, ko ɗigo ba ya wuce masa maƙogwaro.

Amma kunu ba abincin ciyawa ba ne. Ƙasar gwangwanin ta yi tsami, kiyashi suka yi hanya, tsatsa ta cinye gindin, saiwoyi suka leƙo ta ƙasa. Ganye ya fara yin rawaya yana faɗuwa. Duk ranar da yaron ya tsinci ganye a ƙasa sai ya riƙe shi ya tsuke baki, ranar nan da ƙyar nake samu ya sha rabin abin da ya saba.

Na ce gida ne ya yi mata kaɗan. Ina da randa biyu cikin kayan da aka kawo ni da su, na ɗauki ƙaramar. Na tafi bakin tabki, inda ake noman albasa da taba, na ɗebo baƙar laka, don a sanina babu ƙasar da ta fi ta albarka a duk Madarumfa. Na yanke gwangwanin da wuƙa, na dasa ta a randar. Na daina ba ta kunu, sai in kai ludayin kusa da ganye in yi kamar tana sha. Ruwa kuwa safe da yamma, ban taɓa fashi ba, ko da shekarar damina ta yi gardama, guga sai an ƙara masa igiya.

Sai abin ya ƙara lalacewa. Ganyen da suka rage suka yi laushi suka sunkuya, gindin ya fara baƙi. Na cusa yatsa cikin lakar, ya nutse cikin ruwa, na shinshina, wari kamar na kwata. Na zauna ina duban inda gwangwanin yake da, sai na ga tabon da ya bari a daɓe, zagaye, inda ruwa ya riƙa tsiyaya ta hujojin tsatsa. Na tuna gonar kawuna da gulbi ya taɓa kwanciya a cikinta, hatsin ya yi rawaya kamar haka, ga ruwa har gwiwa. Ashe ba ƙishi ke damunta ba. Randa an gina ta ne don ta riƙe ruwa, kuma ta yi aikinta.

Washegari da na gama daka, na warware ciyawar daga azara a hankali, don ta kama itacen da wasu ƴan ƙananan saiwoyi kamar farce. Na naɗe ta a faifai, na zare gindin daga laka, na ajiye a inuwar rumbu na rufa da jiƙaƙƙen tsumma. Na kwashe lakar, na fito da randar tsakar gida, na ɗauko ƙusa da dutse.

Inna na bakin ɗakinta tana kaɗi. Ta tsayar da mazari.

"Ke, mi za ki yi da ƙusa?"

"Huda ta zan yi, Inna."

"Huda mi? Randa lafiyayya? Taɓa ta ki ji yadda take amsawa. Uwarki ta zaɓo ta, ko tsaga babu. Shekarar ga, kowa na neman abin tara ruwa, ke kina neman ƙofar da zai fita?"

"Ciyawar ce ruwa ke kashewa."

"To ta mutu mana! Gadon wa za ta ci? In tukunya kike so mai huji, ga madambaci can, ga fasassu bayan ɗaki."

"Madambacin na aiki, Inna. Fasassun kuwa ba mai zurfin da zai ɗauke ta."

"Ikon Allah. Yau ga wadda za ta yi wa randa kaciya." Ta ajiye audugar. "Ba ni dalili guda, ɗiyar nan. Guda tak, in ji da kunnena."

Dalilin na zaune a tabarma kusa da ita, da ƙwaryar kunun da ta yi ta fama da shi tun safe. Ba zan iya cewa saboda shi ba ne. Bakina ba zai ɗauka ba. Na sunkuyar da kai, amma ban saki ƙusar ba. Na ɗora ta a gindin randar na ɗaga dutse, na riga na ƙudura ko za a kai ƙarata Safo sai na huda.

Yaron ya hango faifan a inuwar rumbu. Ya tashi da tangaɗi, ya ja ludayin daga ƙwarya, kunu na zuba a ƙafarsa, ya je ya kai shi bakin wani ganye da ya leƙo daga tsumman. Ya jira kaɗan. Sannan ya juyo wurina ya buɗe baki.

Ban motsa ba. Inna ta dube shi, ta dube ni.

"Ajiye dutsen ga," ta ce. "In kin buga, biyu za ki raba ta. Wa ya koya miki aiki da garaje?"

Ta sa na cika randar da jiƙaƙƙen rairayi na danna sosai, muka kife ta tare. Ta zauna ta matse ta da gwiwoyinta, tana ɗiga ruwa a gindin, ni ina murza ƙusar tsakanin tafuka kamar mai burga miya. Jan gari na fitowa kaɗan-kaɗan. Tafina ya yi zafi, ya tashi, ban tsaya ba.

"A hankali, ba gaba kuke da ita ba."

Can sai na ji ƙusar ta faɗa cikin taushi. Muka ƙara wasu hujojin a gefensa.

Na jera tsingaro a ciki don kada ƙasa ta toshe su. Na haɗa rairayin gulbi da tsohon takin awaki wanda ya riga ya zama gari, laka kuwa ɗan kaɗan. Saiwoyin sun harɗe kamar zaren da kaza ta shiga. Na wanke su, na yanke duk wanda ya yi baƙi ya yi yauƙi, na bar farare, ba su da yawa. Na datse rassan da suka mutu, tsawonta ya koma rabi. Da na zuba ruwa muka kasa kunne mu biyu, har muka ji yana ɗiga a kaskon da na tara a ƙasa.

Ciyawar ta daɗe a haka, ba ta mutu ba, ba ta yi gaba ba. Na hana kaina ba ta ruwa sai na cusa yatsa na ji ƙasar ta bushe, kuma wannan haƙurin ya fi murza ƙusa wuya. Kullum da hantsi Inna da kanta take miƙo mini ƙwaryar kunu ta ce, "Kai wa ciyawarki," ta tura yaron ya biyo ni, ta koma kan kaɗinta ba ta dube mu ba.

Wata safiya na ga wani ɗan tsiro a gaɓar da na datse, a nannaɗe, kore shar, bai kai ɗan yatsa ba. Na ɗaga yaron ya gani. Ranar ya shanye kunun tas, ya kife ƙwaryar a kansa, ya fita tsakar gida yana neman ƙari.