Tsohon da Ya Yi Mini Hausa a Gonar Shinkafar Indonesiya

Jama'a, wannan ba labarin an ce ka ce ba ne, ni ya faru da ni, kuma wallahi ko Alƙur'ani aka ɗora mini a ka haka zan maimaita shi. Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, manomin shinkafa ɗan manomin shinkafa, da yamma kuma ina karantarwa a Islamiyyar unguwarmu. Shekaru kusan goma ke nan wata ƙungiyar da'awa ta nemi malamai masu jin Larabci da za su je Indonesiya wata huɗu koyar da Alƙur'ani, Allah Ya sa sunana ya fito, na gama dashen rani na bar gonar a hannun yayana, Yaya Sale, na kama hanya.

Ƙauyen da aka kai ni yana wani tsibiri, kuma kai, ni da nake taƙama da shinkafar Kura sai da na sallama. Gonaki ne hawa-hawa a jikin dutse kamar matakala, ruwa na gangarowa daga wannan fage zuwa wancan ba inji ba bututu. Shinkafa ake ci safe da rana da dare, da kifi da wani barkono da sai ka yi hawaye. Maza zane suke ɗaurawa su tafi masallaci, ranar farko sai da na kau da kai don kada a ga dariyata, kafin wata guda ni ma na ɗaura. Mutane ne masu kunya da kara, ko tsoho ya zo wucewa ta gabanka sai ya ɗan rusuna. Mai masaukina wani dattijo ne, Malam Usman, ya yi karatun Larabci, da shi muke hira, shi yake mini tafinta kafin na fara tsintar yarensu.

To, can ƙetaren gonakin akwai wasu gidaje kamar ashirin, yawancinsu tsofaffi ne da ba sa iya hawo dutse zuwa babban masallaci, ga kuma wani ɗan masallacin katako a tsakiyar gonaki dab da su, a rufe, ciyawa ta cinye ƙofar. Na tambayi Malam Usman dalili, ya yi ta kewaye-kewaye, da na matsa sai ya ce, "Ustaz, wurin yana da mai shi. Mutum uku na sani da suka kira salla a ciki, duk ukun gonarsu ce ta biya, ruwa ya ƙi zama a cikinta har ta ƙone."

Ni kuwa lokacin jini na tafasa, na bushe da dariya na ce, "To Malam, ni tawa gonar tana Kura. In zai iya hawa jirgi biyu da mota, bismilla, ya je."

Bai yi dariya ba. Washegari na ari adda na sare ciyawar, na share ɗakin, na tsaya a bakin ƙofa na kira sallar Azahar da iya muryata. Mutum biyu suka zo, su ma suna yi suna waige.

Rana ta uku ce abin ya faru, kuma ku ji da kyau, da rana tsaka ne, bayan Azahar, ido na ganin ido. Ina tafe a kan kunyar da ta raba gonaki sai na ga wani gajeren tsoho cikin ruwa har gwiwa, ya duƙa yana dashe, da faffaɗar malafa irin tasu. Na buɗe baki zan gaishe shi da ɗan yaren da na koya, sai na ji ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "Sannu da rana, ɗan Hajara."

Innalillahi! Hausa ce fa, Hausar Kano tsaf, irin ta tsofaffin ƙauyenmu. Hajara kuwa sunan Innata ne, wanda ko a gida ba mai kamawa, ban taɓa faɗa wa kowa a ƙasar can ba. 

Ya ce, "Ka yi dashe ka baro shi, ka zo kana damun mutane. Rufe ɗakin nan ka koma gida."

Ban san inda na samo bakin ba, na ce, "Baba, ɗakin naka ne ko na Allah?"

Ya ce, "Ruwan dai nawa ne."

Na ce, "Ƙarya kake, ruwan ma na Allah ne, kuma gobe war haka ina nan."

Sai a lokacin na lura hannunsa ba komai, dasawa yake yi amma babu ko tsiro ɗaya a ciki, kuma yana motsi ruwan ba ya motsawa. Na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi ina tafiya, ban yi gudu ba, wallahi ban yi ba, ko da yake zuciyata ta riga ni isa gida. Da na kai bakin hanya na waiga, babu kowa, kuma fagen da na gan shi ciki shinkafa ce ta kai ƙugu har ta fara fitar da kai, babu wurin dashe ko na tafin hannu.

Kwana biyar bayan nan Yaya Sale ya kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai, me ka taɓo a can?" Ya ce an sako ruwa, kanal ɗin da ke kawo wa gonakinmu ruwa ya cika fal, gonar dama da ta hagu sun sha har sun ƙoshi, tawa kuwa in ya sa bututu ruwan ya shiga, kafin ya juya ya ɓace, ƙasa ta koma tana tsagewa. Ya kawo inji, ya yini yana zuba, haka. Manoma har taruwa suke suna kallo. Ya ce Inna ta ce in tattaro in dawo.

Ba zan ɓoye muku ba, na girgiza, don gonar nan ita ce abincin gidanmu na shekara, da matata da 'ya'yana huɗu da Inna. Na tafi masallacin da niyyar in yi sallar ƙarshe in rufe. Ina isa na tarar da wata tsohuwa da ta kusa shekara tamanin, ta rarrafo da sanda ta zauna a baya da farin mayafinta, ta ce wa Malam Usman, wanda ya rako ni, ya gaya mini rabon da ta bi jam'i tun mijinta na da rai, kullum sai dai ta ji kiran salla can sama ta yi kuka. Sai wani irin fushi ya taso mini. Wato wani abu da ko sunansa ba a sani ba shi zai hana baiwar Allah nan sahu? Na fita waje na kira Yaya Sale na ce, "Yaya, ka ba Inna haƙuri. In gonar ce ta bushe, ni ban dawowa sai na cika kwanakina." Ya ce na haukace, ya kashe wayar.

Na cika wata huɗuna cif. Daga mutum biyu muka kai sahu uku, tsofaffi suna gyara Fatiha a hannuna bayan La'asar, a makon ƙarshe kuma Malam Usman da kansa ya karɓi kiran salla, muryarsa na rawa amma ya kai ƙarshe. Tsohon ban sake ganinsa ba.

Da na dawo na je na ga gonar, ta ƙone ƙurmus, kusurwa huɗu kamar an auna da igiya, kewaye da ita kore shar. Na dawo gida na durƙusa gaban Inna, ta dube ni ta ce, "Jiya da hantsi ka yi baƙo. Wani ɗan gajeren tsoho, ya roƙi ruwa na ba shi a kofi, bai sha ba ya tsiyaye a bakin zaure. Ya ce in gaya maka wata magana, na riƙe ta don kar ta ɓace mini, wai balum salasai."

Jama'a, Inna ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba. A yaren mutanen can, maganar nan tana nufin ba a gama ba tukuna.

Na ce, "Inna, in ya dawo ki ce masa ni ma ban gama ba." Shekarar mun sha wuya, 'yan'uwa ne suka riƙe mu, da rani ya zagayo na sake dasa gonar nan dai, ta sha ruwa ta yi kyau. Na kai maganar gaban malamai, kowa da abin da ya ce, har yau ban san da wa na yi magana ba.

Shawarata gare ku, in kun je baƙon wuri aka ce muku ga abin da ke nan, kada ku yi ba'a irin tawa, ku riƙe azkar ɗinku safe da yamma. Amma kada tsoro ya sa ku rufe ɗakin Allah. Ni dai har gobe in ina ban ruwa na hango wani ya duƙa a gonar da ke nesa, sai na tsaya na ga ruwan yana motsi a ƙafarsa kafin in yi masa sallama.