Reshen geza a zauren maɗinka

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Sarkin Ɗinki ya karya mini kayan aiki a zaurenmu na Kornaka ba. Bayan kaka ne, ayarin gishiri ya sauko, Buzaye na ta kawo riguna a yi musu ɗinkin ado na aska a ƙirji.

Ku yaran yanzu ku gane yadda muke yi a lokacin. Kan gwiwa ake ɗora saƙi, hannun hagu ya ɗame shi, dama ta bi da allura. In ƙyalle ya saki, ɗinki ya tattare, riga ta lalace. Ni kuwa kububuwa ta sare ni da damina, hannun hagu ya shanye. Sai na lanƙwasa ɗanyen reshen geza ya zama da'ira, na shimfiɗa saƙin a kai, na ɗaure da igiyar fata. Ya tsaya tam, allura na shiga yadda nake so.

Sarkin Ɗinki, wanda shi ke raba aiki a zauren, ya tsaya a kaina.

"Ɗan'azumi, mi nike gani haka? Ganga kake ɗaurewa? Mu maɗinka ne, ba makaɗa ba."

"Baba, dubi ɗinkin tukuna."

"Ba ni dubawa. Aje rigag ga, ka koma murza muna zare. Tuwonka na wuyana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun ina yaro nake fidda aska, yau a ce in koma murza zare don a tausaya mini? Na ce, "Baba, Allah shi saka da alheri, amma ba ni aje ta."

Ya fizge reshen, ya karya a gwiwa. Ba wanda ya ɗaga kai a zauren. Na naɗe rigar, na ce, "Geza ba ta ƙare a daji ba, Baba." Na saro wata, na zauna gindin aduwa a bakin kasuwa, rana na dukana, na ƙarasa rigar. Buzun mai rigar ya karɓi abinsa, ya kawo ta ƙanensa.

Ban sake shiga zauren ba, Baba kuma bai taɓa duba ɗinkina ba har ya rasu. Mutanen sana'armu suna da kirki, za su ciyar da kai muddin ka yarda ka ƙare. Ni ban yarda ba.