Harsashi a Garin Kuka

Injin wanki ne ya tono mana abin. Ina kicin na ji wani abu yana bugun ƙarfen ciki, ƙwas, ƙwas, duk juyi. Na tsayar da injin, na laluba aljihun farar shaddar maigidana, wadda bai taɓa sawa ba tun zuwanmu Kuala Lumpur, damshin garin ne ya sa ta fumfuna a cikin akwati. Na zaci sulalla zan ciro, sai ga harsashi a tafin hannuna, bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Na san daga inda ya fito. Kafin a turo shi karatu, maigidana jami'in tsaro ne a Kano, kuma yana riƙe da wata ƙaramar bindigar hannu, irin wadda ake zura wa gidan harsashi ta ƙasan mariƙi. Yana ji da ita kamar shi ya ƙera ta. Sau ɗaya ya kai ni filin da suke koyon harbi ya damƙa mini. Na runtse ido na ja, ta zabura a hannuna, kunnena ya yini yana kuwwa, shi kuwa har da riƙe ciki don dariya. Idan ya dawo gida yakan zare gidan harsashin, ya ja bayanta, ɗayan da ke baki ya yi tsalle, ya cafe shi a iska ya jefa aljihu. Wannan cafewar ita ce burgarsa, na sha ce masa wata rana sai ta ja mana. Bindigar ya mayar wa hukuma kafin mu taso. Na aljihu ne ya biyo mu, kuma har yau ban san yadda ya wuce filin jirgi ba.

Da na nuna masa, bai karɓa ba. Ya zauna a bakin gado ya ce a ƙasar nan harsashi ɗaya ba lasisi ɗaurin shekaru ne, balle baƙo, balle ɗan Najeriya. Digirin da saura shekara ya kammala, da aikinsa na gida, duk sun tafi ke nan. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma nasa ne ya fi firgita ni.

Ga shi lokacin an zagaye benenmu na unguwar Pantai Dalam da waya mai ƙaya saboda korona, sojoji a ƙofa, ba shiga ba fita. Shara ma masu fararen kaya ne ke kwashewa. Ta taga, soja ne a ƙasa. Na jefa shi a masai na ja ruwa, ruwan ya tafi ya bar shi kwance yana kallona, sai da na sa hannu na ciro.

"Ki ɓoye shi," in ji maigidana, "kada ki faɗa mini wurin. In an tambaye ni, in rantse da gaskiyata."

Na tura shi can cikin garin kukar da muka zo da ita daga gida, na ɗaure bakin ledar.

Bayan 'yan kwanaki aka bi ɗaki ɗaki ana gwaji. Ni cutar ta kama, aka sa ni a bas zuwa wurin killacewa. Ina can kwance da zazzaɓi ya kira ni, yana ba ni labarin gida don ya faranta mini. Ya ce Hajiyar sama, maƙwabciyarmu, ta zuro guga da igiya tana neman kuka, ya juye mata rabin ledar a kwanona mai murfi.

Hajiyar sama matar wani malamin jami'a ce 'yar Katsina, ta girme ni sosai. Tun da aka rufe mu, ta baranda muke ciyayya da ita. Mace ce mai kyauta, amma magana ba ta kwana a cikinta, abin da ta ji da hantsi kafin la'asar ya kai kasuwar Chow Kit. Na buɗe baki in yi masa bayani, na tuna a waya muke, wani na iya ji, kuma ga ma'aikaciyar jinya tsaye a kaina. Na ce Allah ya ba da lada.

Ranar da aka sallame ni ko mayafi ban cire ba na zazzage sauran kukar a rariya. Na tankaɗe ta tas, babu komai.

Da aka janye wayar ƙofa, Hajiya ta sauko da kanta. A wurinmu ba a mayar da kwano fanko, ta ciko shi da dabino. Ta yi mini ya jiki, ta yi addu'a, ta zauna tana gyara takunkumin fuskarta. Na karɓi kwanon ina jijjiga shi a hankali ko zan ji ƙarar ƙarfe.

"Miya ta yi daɗi, ƙanwata," ta ce. "Sai dai kukar taku da tsakuwa."

Na ce, "Hajiya, da kin haɗo mini da ita na zubar."

"A'a, ke da ba ki gama warwarewa ba? Na adana muku. Abin maƙwabci ai ba a wasa da shi."

Bayan fitarta na juye dabinon a tire na bi shi ɗaya bayan ɗaya, dabino ne kawai.

Shekara guda muka ƙara a benen nan. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba, kuma har yanzu ban sani ba ko rufa mana asiri ta yi ko riƙe mu ta yi. Maigidana ya ɗauka abin yana inda na ɓoye, ya gama rubutunsa hankali kwance. Ni kuwa duk ranar da na ji gugan nan ya bugi ƙarfen barandarmu, kafin ta faɗi abin da take so na riga na miƙe.