Ƙwallon Mijina, Sunan Ƙaninsa

Shekarun baya, lokacin ina aji biyu a makarantar yaƙi da jahilci ta matan aure a Kankia, wani abu ya same mu a gida wanda har yau idan na zauna ina juya shi sai kaina ya ɗaure. Ina da 'ya'ya biyar na shiga makarantar nan, kuma duk wadda ta yi mini dariya a lokacin ta samu rabonta a take.

Mijina tsohon ɗan ƙwallo ne. Kafin ya aure ni ya yi shekaru a birni yana buga wa wata babbar ƙungiya, irin wadda ake sa wasanta a rediyo. Ɗan baya ne. Ciwon gwiwa ya dawo da shi gida, ya koma noma da awon hatsi. Ni ban taɓa shiga filin wasa ba, amma tarihin ƙungiyar nan na haddace shi tsaf, don da shi muke cin tuwo a gidanmu. Na san yadda aka kafa ta a wani fili bayan tasha, da wahalar da ta sha a ƙaramin rukuni kafin ta hau babba, da ranar da suka ɗauko kofi aka zagaya gari da su a buɗaɗɗiyar mota. Na san golansu da ba ya cin abinci ranar wasa. Wata maƙwabciyata ta taɓa cewa ai duk mai ɗingishi a garin nan cewa yake ƙwallo ce ta karya shi. Wata uku ba mu gaisa ba.

Wata safiya sai ga ƙanin mijina a kan babur daga Kusada. Malamin Islamiyya ne, mutum mai sanyi, wanda ya yi suna wajen yi wa samari faɗa a kan barin sallar la'asar saboda gidan kallon ƙwallo. Na tare shi da wasan da muka saba, na ce mijina na biyu, yau ɓatan hanya ka yi? Ya wuce ni kai tsaye. Ya miƙa wa yayansa wata ambulan da aka kai gidan mahaifinsu, yana riƙe da ita da bakin yatsu kamar mai zafi.

Ni da karatu ke yi wa daɗi a lokacin, kafin maigida ya nemo tabarau na fizge. Gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Hausa. Na bi Hausar da yatsa ina ɗaga murya don maƙwabta su ji. Ƙungiyar ce za ta yi bikin tunawa da kafuwarta, za ta karrama waɗanda suka ɗauko mata kofi, kowa ya zo da katin ɗan ƙasa. Har na fara gyara murya zan yi guɗa, sai na kai kan sunan. Sunan ƙanin mijina ne.

Sau uku na karanta. Na fara zargin idona, na koma zargin malamarmu, sannan na ce ai masu rubutun ne ba su san aikinsu ba, gobe ni da kaina zan je in nuna musu. Na ɗago na iske maza biyu kowa na kallon ƙasa.

A nan maigida ya yi bayani, a hankali, yana murza gwiwa. Lokacin da ya je gwaji, yara ƙanana ake nema masu takardar gama firamare. Shi bai gama ba, kuma shekarunsa sun ɗan haura. Sai ya buɗe akwatin mahaifiyarsu ya ɗauki takardar ƙaninsa, aka yi masa rajista da ita. Duk shekarun nan, da sunan ƙane ya buga, shi ake kira a rediyo, shi ke cikin littafin ƙungiya. A Kankia kuwa da lambar rigarsa kowa ke kiransa, don haka maganar ba ta taɓa tasowa ba.

Na ce, “To ni yanzu wa na aura?”

Sai a lokacin ƙanin ya ɗan murmusa. “Ai da kin yi bincike, da kin taho inda kofin yake.”

Amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Maigida ya ce ƙanin ya je ya karɓo lambar yabon ya kawo masa. Malam ya ce shi ba zai tsaya gaban jama'a a yaba masa a kan abin da bai yi ba, kuma in labari ya kai Kusada cewa shi tsohon ɗan ƙwallo ne, da wane baki zai ƙara yi wa samari faɗa? Ni na ce mu je mu faɗi gaskiya kowa ya huta. Maigida ya girgiza kai. Ya ce ba shi kaɗai ya shiga ta wannan ƙofar ba, wasu sun rasu, 'ya'yansu na alfahari da su, ba zai je ya tona abin da zai sa a riƙa yi wa kofin nan kallon banza ba. Na rasa wanda zan yi wa masifa a cikinsu. Abin da na sani kawai shi ne mutumin nan ya bar gwiwarsa a fili, kuma wannan ce rana ɗaya tak da za a ce masa sannu.

Ranar biki mu uku muka tafi, ba tare da mun tsayar da magana ba. A ƙofar fili akwai wani ma'aikaci da takardar sunaye. Ya duba katin maigida, ya duba takarda, ya nuna masa wajen 'yan kallo. Ya duba na Malam, nan take ya washe baki, ya ce ga gwarzo, ga gwarzo. Kafin Malam ya buɗe baki an zura masa jesin ƙungiya a kan kaftaninsa an ja shi ƙarƙashin rumfa. Na gyara mayafi na matsa zan yi masifar da na saba. Mutumin ya juyo mini da takardar ya ce, Hajiya, karanta da kanki. Na karanta. Da ban iya karatu ba da na yi masa tas, amma ga shi baƙi a kan fari, shi ke da gaskiya, ni ma kuma ina da gaskiya. Na ja bakina na bi mijina muka hau benen 'yan kallo, yana hawa yana hutawa.

Daga sama muna hango Malam a tsakiyar tsofaffin 'yan wasa, ya haɗa gwiwoyi, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Suna ta leƙa fuskarsa. Can wani dogo mai farin gemu ya sunkuya ya tambaye shi wani abu, Malam ya ɗaga hannu ya nuno mu. Maigida ya ce mini a hankali, golan ne. Dogon nan ya taho yana hawa bene, yana ƙwala kiran sunan ƙanin mijina. Kafin in ƙifta ido mijina ya miƙe ya ce na'am. Ban taɓa jin ya amsa kira da irin wannan muryar ba, ko ranar da aka ce masa na haifi namiji.

Babu wanda ya nemi bayani a cikin tsofaffin nan. Suka riƙo shi suka sauko da shi, mai takarda ya kauce. Malam ya tuɓe jesin da sauri ya sa wa yayansa, ya koma kujerar baya. Da aka kira sunan a lasifika, ana ba da labarin ranar da ya cire ƙwallo da ka daga bakin raga, mijina ne ya fita yana ɗingishi, mai sunan kuma yana zaune yana tafa wa sunansa.

A mota ina riƙe da lambar yabon, katako ne da rubutun ƙarfe, ina ta karanta abin da ke jiki. Na ce in mun isa zan kai wa masu rubutu su kankare su sa na gaskiya.

Maigida ya ce, “Ki bar shi. Da wannan sunan na yi gudu. Tun da na baro birni ba a kira ni na ji har cikin ƙashina ba sai yau.”

Malam yana kallon gonaki ta taga. Ya ce shi dai ya san akwai istigfari a kansa, amma bai gane na mi ba ne.

Na shiga makaranta da tunanin in na iya karatu an gama ruɗa ni, abin da takarda ta ce shi ke nan. Har gobe ina cewa abin da mijina ya yi ba daidai ba ne, kuma na faɗa masa ido da ido. Amma wanda aka cuta a ciki, ko wanda aka ɗauke wa suna ne, ko wanda guminsa ya tafi a sunan wani, wannan kam ban gano ba. Ban kai an kankare ba. Yanzu jikokinmu sun fara haɗa baƙi, in sun karanta sai su tambaye ni me ya kawo sunan Baba Malam nan. Nakan ce su je su tambayi kakansu. Shi kuma sai ya ce su je Kusada su tambayi mai sunan.