Albarkar da Ban Isar Ba

Yayana ɗan fari ne, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Ko sun haɗu a zaure, gaisuwa ce kawai, kowa kansa a ƙasa. In akwai magana tsakaninsu, ni 'yar auta ce ke ɗaukarta in kai.

Gidanmu a Talata Mafara gidan karatu ne. Ranar da Yaya ya ajiye littattafai ya bi ƙwallo, Baba ya yi kwana uku bai fito cin abinci cikin mutane ba. Ina ƙarama lokacin, amma shirun nan ya zauna mini a rai. Yaya ya yi wasa har gwiwa ta hana shi, ya koma koyarwa, daga ƙungiyar unguwa har wata babbar ƙungiya a birni ta ɗauke shi koci.

Jajibirin wasansa na farko ya kira ni, ya ce in roƙa masa Baba ya sa masa albarka. Na je bakin zaure. Baba na zaune kan buzu yana biya wa ɗalibai karatu, hasken yamma ya kwanta a kan takardunsa. Na tsaya, na tuna kwana ukun nan, na juyo. Na ce wa Yaya Baba ya sa albarka. Suka ci wasan.

Haka muka yi shekara huɗu. Kafin kowane wasa sai ya kira, ni kuma in ɗan zaga tsakar gida kamar na je na dawo. Sunansa ya cika rediyo. Samarin Maradun suka riƙa liƙa hotonsa a babura, masu shayi na gardama kan wanda zai sa a gaba da wanda zai ajiye a benci. Ina jin daɗi, ina kuma ci gaba da ƙaryar.

Wata Talata wani aminin Baba ya zo cin kasuwa daga Bakura, ya biyo gaisuwa. Ina ajiye musu fura na ji yana tsokanar Baba, wai ashe malam ya koma goyon bayan 'yan ƙwallo, ga koci can a rediyo yana cewa bai taɓa shiga fili ba sai da albarkar mahaifinsa. Baba ya yi murmushi kawai.

Da baƙon ya tafi ya kira ni.

“Wanga yaro yana aiko ki?”

Na ce eh, tun wasan farko. Ya daɗe yana shafa gefen buzu.

“Ni kau na ɗauka ya girma ne, ba ya bukatar bakina. Shekara huɗu ina sauraren ya aiko.”

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in kira Yaya. Na riƙe wayar a tsakaninmu, Baba ya dubi bango, ya ce da ni, “Ki ce mai Allah shi yi mai albarka.”

Yaya ya ji muryar da kunnensa. Ya ce amin sau uku, yana dariya, ya ce yau kuma Baba da kansa, bayan duk wadda ake aiko masa.

Baba bai gyara masa ba. Ni ma har yau ban gyara ba. Jibi suna da wasa, kuma na san zai kira.