Gaisuwa a Kan Tsani

Tsanin shagonmu na katako ne. Maigidana ya sa kafinta ya buga masa guntayen tsohuwar taya a ƙafafu don kada ya zame a siminti. Kayan kicin muke sayarwa a Kasuwar Gombe, kuloli da tukwane da farantai, shagon kuma ɗan tsukuku ne, don haka kaya sai dai su yi sama har rufi. Shi ke hawa, ni ke riƙewa.

Mutumin nan akwai taka-tsantsan, har haushi yake ba ni. Ba ya hawa da silifas, ba ya amsa waya a sama, kuma kome zai ɗauko, hannu ɗaya na kan tsani. In na ce, "Haba maigida, sai ka ce rijiya za ka shiga?" sai ya ce, "Ke dai riƙe da kyau."

Wata rana da hantsi wata mata ta zo neman babbar kula ta biki. Ya hau can sama ya jawo ta. Sai muka ji sallama a bakin shago. Mahaifina ne. Daga Nasarawo ya shigo kasuwa sayen taki, ya ce bari ya leƙo mu, abin da bai taɓa yi ba.

Tun da aka ɗaura mana aure maigidana bai taɓa gaida Baba a tsaye ba. Ko a titi suka haɗu, sauka yake daga mashin ya durƙusa. Yau ga shi tsaye a bisa kan surukinsa, ƙafafunsa daidai hular Baba. Na ɗaga kai na ga kunya ta rufe shi.

"Baba, sannu da zuwa," in ji shi, yana lanƙwasa gwiwa a kan matakala. Kula na hannu ɗaya, ɗayan kuma ya saki tsani ya kai shi ƙirji.

Baba ya ce, "A'a, a'a, yi aikinka!"

Ta baya maigidana ya faɗo. Gadon bayansa ya daki gefen bencin da masu saye ke zama.

Tsanin ko motsi bai yi ba. Ina riƙe da shi gam aka cika shagon, ana ta salati, ina kallo. Maƙwabciyarmu mai gwanjo, wata Batangala, ita ta ɓamɓare min yatsu tana cewa, "Ke, sake mana, mijinki ne a ƙasa!" Na saki. Aka cicciɓe shi aka sa a keke mai ƙafa uku.

A asibiti likita ya riƙa tsira masa allura a tafin ƙafa yana tambaya, "Kana ji?" Shi kuma yana cewa a'a. Aka ce ƙashin baya ne, ya taɓa laka, sai an jira a ga ko ƙafafun za su dawo. Ban yi kuka ba. Masu dubiya suna ta yaba tawakkalina. Wane tawakkali? Wallahi ba na jin kome ne kawai. Abinci ina ci, barci ina yi, in aka yi min magana in amsa.

Muka koma gida Jekadafari da jira. Kullum da safe nakan matsa masa babban yatsan ƙafa, ya girgiza kai, in ja masa bargo.

Baba kuwa kullum sai ya zo, amma a zaure yake tsayawa. In fita, ya ce, "Ya mai jiki?" in ce da sauƙi, ya juya. Har na taɓa fusata na ce, "Baba, kai ka ture shi ne?" Carbinsa kawai ya ci gaba da ja.

Komawarmu ta ƙarshe asibiti likita bai ma ɗauko allurar ba. Ya ce mu nemi keken guragu mai kyau. Na ce to, har na tambayi inda ake sayarwa.

Washegari maigidana ya ji tarin Baba a zaure. Ya ce, "Ce masa ya shigo. Ki ba shi haƙuri, a kwance zai same ni."

Baba ya cire takalmi ya shigo. Na tura masa kujera, ya ƙi. Ya zame ya zauna a kan siminti, kansa ƙasa da katifar gadon, ya ce, "Sannu, ɗana."

Maigidana ya dube shi, ya dube ni.

"Ke, kama ni."

"In kai ka ina?"

"Sauke ni ƙasa."

Baba yana ta "bari, bari". Na zura hannuwana ƙarƙashin hammatar maigidana na jawo shi. Ƙafafun suka biyo baya, suka faɗo ɗaya bayan ɗaya. Na jingina shi da gado, na gyara masa su.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ina kwana."