Shekarar da Ba Mu Yashe Kwata Ba

Har yau in hadari ya haɗo da rana, kunnena yakan jiyo ƙarar shebur yana kankarar siminti a bayan gida, ko da yake gidan da nake aure a ciki babu kwata a bayansa. Nakan tashi in leƙa. 'Ya'yana sun daina tambayata abin da nake nema.

A unguwar Briketeri aka haife ni, can gangare, inda duk ruwan da ya sauka a tudu yake bi ta wata babbar kwata a bayan ɗakinmu. Duk abin da unguwa ta gaji da shi nan yake ƙarewa: leda, ƙyallayen teloli, tokar masu tsire, ƙahonni daga wajen mahauta. Shi ya sa kowace shekara, kafin babban ruwa, ake kiran gayya a yashe ta. Babana ne mai kira. Mahauci ne kawai, ba shi da wata sarauta, amma in ya fito da shebur a kafaɗa da sassafe, kowane magidanci sai ya naɗe wando ya bi shi. Mu mata mu dama kunu, mu tsaya muna yi musu dariya sun fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Shekarun nan ne na matsin tattalin arziki da kowa ke kira kriz. An zaftare albashin ma'aikata, suka daina sayen tsoka, sai ƙashi da kayan ciki. Baba yakan je kasuwar shanu ta Etudi ya zagaya ya dawo hannu Rabbana. Ana cikin haka depitenmu, wato ɗan majalisar da ke wakiltar yankin, ya zo unguwa. Ya tsaya a ƙofar masallaci yana lissafa da yatsu abubuwan da zai sa a gaba: sauƙin kayan masarufi, tsabtar unguwa, tsaro, da 'yancin kowane ɗan ƙasa. Kowa ya tsinci nasa. Inna farashin shinkafa kaɗai ta ji. Yayana, tela, wanda aka haifa a garin nan amma aka sha tare shi a hanya ana tambayarsa ƙasarsu saboda hularsa, ya tafa har hannunsa ya yi ja. Ni kuwa takalmin mutumin nake kallo, ina mamakin yadda ya shigo har lungunmu bai taɓa laka ba.

Baba ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mu dai kwatar nan ce damuwarmu."

Depite ya kama hannunsa da hannu biyu. "Baba, ku ajiye sheburanku. Bana hukuma za ta yashe ta, ta rufe ta da siminti. Ku bar mini."

A gaban jama'a ya faɗa, kuma Baba ya amsa da "To, mun bar maka."

Ba zan yi wa mutumin ƙarya ba, ya yi maganar a majalisa, mun ji muryarsa a rediyo. Amma lokaci ne da hukuma ba ta iya biyan malaman makaranta ba, balle yashe kwatar lungunmu. Watanni suka shuɗe, shara ta taru har kaji suna kiwo a kanta. Hadari ya fara haɗuwa.

Inna ta ce, "Malam, ba za ka kira mutane ba?"

"Babban mutum ya riƙe hannuna a bainar jama'a ya ce in bar masa. In na fito da shebur, ai na ce maƙaryaci ne ke nan."

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Baba, shi ruwan ya san depite ne?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ke dai Allah ya shirye ki." Maƙwabta ma sun ga sharar, suna ta gunaguni a bakin shaguna, amma babu wanda zai shiga gaban Baba ya kira gayya. Haka muka zauna, kowa yana jin kunyar wani.

Ranar, bayan azahar ruwan ya kece. Kafin a jima ya shigo ɗaki, tabarmi suna yawo, ni da Inna muna ta jibga kaya a kan gado. Yayana yana shago. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ruwan ya kai masa gwiwa, sannan ya jawo sheburinsa daga bayan randa.

"Bakin gada inda kwatar ta toshe kawai zan buɗe, yanzu zan dawo."

Duk da rugugin ruwa a kan kwanon rufi muna jin sheburin yana kankarar siminti. Can sai muka ji wani gurnani daga bayan gida, ruwan ɗakin ya fara janyewa da sauri. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, ya buɗe!" Ni har guɗa na yi. Wannan guɗar ce ban taɓa iya mantawa ba, domin a daidai lokacin da nake yin ta ruwan ya tafi da shi. Washegari aka same shi can ƙasa a fadama, cikin ciyawa. Sheburin ba a gan shi ba.

Depite ya zo gaisuwa. Ya cire takalman nan ya zauna a tabarma cikin maza, ni ina leƙe ta bayan labule, zuciyata kamar ta fashe don haushi. Na so ƙwarai in ga baƙin hali a fuskarsa, sai na ga ƙwalla. Bayan an yi addu'a ya juya wajen yayana, ya tambaya a hankali, kuma na rantse da gaske yake tambaya:

"Amma na ji an ce kowace shekara kukan yashe ta da kanku. Me ya hana bana?"

Dattawa suka sunkuyar da kai. Yayana ya buɗe baki, ina jira ya faɗa masa. Sai ya gyara hularsa ya ce, "Allah bai nufa ba, ranka ya daɗe. Mun gode da zuwa."